Walƙiya Ya Gama wa Babansa Gem

Akwai wani saurayi, jama'ar wannan shafi, da ya raɗa wa kansa suna Walƙiya. Ba wanda ya roƙe shi. A gida Auta ake ce masa, a wurin aiki kuma "wancan mai gyaran kwamfutar", amma a intanet Walƙiya ne, har da hoton hadari a bayan sunan don kada wani ya kasa fahimta.

Baiwarsa ɗaya ce, gama gem da sauri. Gem ɗin da masu yin sa suka shafe shekaru suna ginawa, shi zai ratsa ta cikinsa kamar wanda fitsari ya matsa a tsakiyar kasuwa. Ba ya karanta abin da mutanen cikin gem suke faɗa. Da an buɗe baki ya danna tsallake. In ya gama sai ya ɗora bidiyo, mabiyansa su tafa masa. Mabiyan nan, in aka tara su, za su cika motar haya guda, kuma ba sai an matsu ba.

Ga waɗanda ba sa buga gem: galibi akwai babban labari, wato ka je ka kashe wani azzalumi ka ceci duniya. Sai kuma ayyukan gefe. Wata tsohuwa rufin ɗakinta yana yoyo, wani maƙeri gawayinsa ya ƙare, wani yana son a kai wa ɗan'uwansa saƙo. Ba dole ba ne. In ka ga dama ka yi, in ba ka ga dama ba ka wuce.

Walƙiya bai taɓa ganin dama ba.

"Aikin 'yan aike ne," in ji shi. "An ce ka ceci duniya, kai kana can kana nemo wa wata akuyarta."

Shi da mahaifinsa suke zaune, su biyu, tun bayan rasuwar mahaifiyarsa. Baba ɗan fansho ne, irin dattawan nan da ko kofin ruwa ba sa cewa a miƙo musu. Sai ga shi wata safiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Allah ya taƙaita. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo tana ɗan ja. Hannun ne ya tsaya yana jan rai. Kuma duk cikin wahalar, abin da ya fi yi wa Baba ciwo shi ne cin abinci. Cokali ya yi ta rawa, miya ta sauka a gaban riga, 'ya'yansa suna kallo suna yin kamar ba sa kallo. Ba a jima ba Baba ya fara cewa ba ya jin yunwa.

Likitar motsa gaɓoɓi ta ba shi wata ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Baba ya matsa, ya duba ƙwallon, ya ajiye.

"'Yata, na yi shekaru ina aikin ofis," ya ce mata. "Na san aikin banza in na gan shi."

Likita ta ja babbar 'yarsa gefe, wadda Walƙiya yake kira Yaya. Ta ce mata, "Ku nemo duk abin da zai sa ya riƙa motsa yatsun nan kullum, da son ransa, ba don an tsare shi ba. Yanzu ne hannun yake jin magana. In aka bari ya sandare, dawo da shi sai an sha wuya, wani lokacin ma ba ya dawowa duka."

Yaya ba ta da dogon bayani. Ta zo gida ta jawo tsohuwar na'urar gem ɗin Walƙiya daga ƙarƙashin talabijin, ta hure ƙurar, ta ɗora wa Baba fad a cinya, wato abin riƙewar nan mai maɓallai.

"Yaya, wannan fa ba na tsofaffi ba ne," in ji Walƙiya.

"Kai ma ai ba na yara ba ne, ga ka kana yi," ta ce.

Gem ɗin a wani ƙauye yake farawa, a bakin tafki. A ƙarshen ƙauyen akwai gada, a kan gadar akwai wani ɗan saƙo mai doki yana ihu wai ƙasa tana cikin haɗari, a zo da gaggawa. Walƙiya, lokacin da ya buga, ko takalmi bai tsaya saya ba ya haye gadar.

Baba ya saurari ɗan saƙon har ƙarshe. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya juya ya koma cikin gari.

A can ya haɗu da tsohuwar mai yoyon rufi. Ya karanta bayaninta kalma bayan kalma, gilashinsa a ƙarshen hanci. Ya je daji ya saro katako. Abin da Walƙiya zai yi kafin ya gama hamma, Baba ya yi yini yana yi, domin babban yatsansa ba ya zuwa inda aka aike shi. Mutumin cikin gem ya yi ta karo da bango, ya faɗa tafki, ya sari iska. Baba ya yi tsaki, ya sake.

Washegari tun kafin a kawo masa shayi ya ce a kunna masa.

"Na bar baiwar Allahn nan da rabin rufi," ya ce.

Haka abin ya soma. Daga rufi sai gawayin maƙeri. Daga gawayi sai wata mai kiwon zuma da ƙudan zumanta suka gudu. Sai kamun kifi, wanda sai ka danne maɓalli ɗaya da yatsa, ka saki a hankali, ka ja da wani. Baba bai san motsa jiki yake yi ba, ko kuma ya sani ya yi shiru. Abin da ya sani shi ne mutane suna jiransa.

Har gaishe su yake yi. "Maƙeri, an tashi lafiya? Ya aiki?" In Yaya ta biyo daga ofis da yamma, sai ya ba ta labarinsu kamar maƙwabta. Mai zuma ta cika mita amma tana da kirki. Maƙeri ba ya cika alkawari. Ɗan saƙon kan gada kuwa, kullum in Baba ya wuce ta wurin sai ya ɗaga murya wai a zo da gaggawa.

"Shi ma aikinsa yake yi," in ji Baba. "Gobe, ɗana, gobe."

Walƙiya yana zaune a kujerar gefe yana kallo, ransa yana tafasa. Bai taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Gem mai dodanni, mai yaƙi a saman gajimare, an mayar da shi gidan gona.

"Baba, wata da watanni fa ke nan kana wuri ɗaya."

"Korata aka yi?"

"Ba haka ba ne. Nan fa ba gem ɗin ba ne. Zaure ne kawai. Gem ɗin yana bayan gada."

"To ai ni zauren ya ishe ni, Auta."

"Ko takobin kirki ba ka da shi."

"Wa zan sara?"

Walƙiya ya tashi ya shiga ɗaki ya ba mabiyansa labari. Wasu suka yi dariya. Ɗaya ya rubuta, "Kai da kake Walƙiya guda, ka bar tsohonka yana kiwon zuma?" Wannan magana ta zauna masa. Mutum ne mai ɗaukar shawara, matuƙar daga baƙo ta fito.

Abin da bai lura da shi ba, domin ba a bidiyo yake ba, shi ne Baba ya daina cewa ba ya jin yunwa. Cokalin yana rawa har yanzu, amma yana isa baki da mafi yawan abin da ya ɗauko.

Ranar da Yaya ta kai Baba asibiti a duba hannun, Walƙiya yana hutu. Suna fita ya zauna a kujerar Baba, ya kafa wayarsa tana ɗauka, ya ɗauki fad.

"Jama'a, yau zan yi wa Babana kyauta," ya ce wa wayar. "Ku ƙirga lokaci."

A nan sai in yi masa adalci, ko da kaɗan ne. Ya san gem ɗin wurin ajiya ɗaya gare shi, kuma da kansa yake ajiyewa, duk inda ka kai nan ka kai, babu komawa baya. Ya kuma san cewa a tsakiyar labari ana rufe ƙauyen. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake rufe shi, domin duk lokacin da wurin ya zo tsallakewa yake yi. A lissafinsa ba a rasa komai a can ba. Wa ke kukan zaure?

Ya haye gada. Ya ratsa birane, ya kashe abin kashewa, ya danna tsallake, ya danna tsallake. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Kafin la'asar azzalumi ya faɗi, an ceci duniya, sunayen masu gem suna hawa allo. Su ma ya tsallake su.

Sai ga ƙarar mota.

Baba ya shigo da fara'ar da aka daɗe ba a gani ba. Yaya tana bayansa tana riƙe da jaka.

"Auta, likita ta ce hannu ya yi kyau," in ji Yaya. "Har ruwa ya sha a gabanta, ko ɗigo bai zuba ba."

"Kunna mini," in ji Baba yana zama. "Na yi wa mai zuma alkawarin tukwane yau."

"Baba, tsaya ka ga abin mamaki."

Allo ya haska. Ga mutumin Baba a ƙwanƙolin wani dutse, cikin sulke na zinariya, da takobi mai tsawon ƙofa, wuta tana fita daga kafaɗunsa. Walƙiya ya harɗe hannu yana jiran godiya. Wayar tana nan tana ɗauka.

Baba ya gyara gilashi.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba. Na gama maka. Duka. Ka ceci duniya."

"Ina hulata ta kamun kifi?"

"Na sayar. Ba ta da wani amfani."

"To. Ta ina ake komawa gida?"

Walƙiya ya ce zai kai shi da dannawa ɗaya. Baba ya ce a'a, ya nuna masa hanya kawai. Ya gangaro daga dutsen da kansa, a hankali, da sulkensa yana ƙara. Ya ratsa biranen da bai taɓa gani ba, mutane suna masa kirari, bai tsaya ba. Yaya ko jakar ba ta ajiye ba.

Ya iso gada. Ɗan saƙo ba ya nan.

Bayan gada toka ce. Ginshiƙai baƙaƙe, hayaƙi yana tashi a inda maƙera take. Gidan tsohuwar nan babu rufin, babu bangon. Baba ya taka har inda amyoyin zuma suke. Ya danna maɓallin magana. Ba abin da ya fito. Ya sake dannawa.

"Ina mutanen?"

"Labarin ne haka, Baba," in ji Walƙiya, muryarsa ta ɗan sauka. "In ka haye gada, sojojin azzalumin suna zuwa. Ai ba mutane ba ne. Zane ne."

"Na sani, Auta. Shanyewar jiki na yi, ba taɓin hankali ba."

Baba ya ɗan jima yana kallon tokar. Sannan ya sa hannun hagu ya zare fad ɗin daga na dama, ya ajiye a kan tebur, ya daidaita shi.

"Sannu da aiki," ya ce. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Yaya ta kalli ƙanenta, ta kalli wayar da ke ɗauka.

"Malam Walƙiya," ta ce, "kashe abin nan kafin in ba mabiyanka abin kallo na gaske."

Daga ranar Baba bai sake cewa a kunna masa ba. Yaya ta ce a faro daga farko, ya ce ya gode. Ta dawo da ƙwallon roba, ya ajiye ta a kan taga. Yana zama a falo da hannun a cinya kamar kayan da wani ya ba shi ajiya. Makonni suka wuce. Yunwa ta sake ɗaukewa.

"Ka san abin da ka yi?" Yaya ta tare Walƙiya a kicin.

"Yaya, taimako na yi niyya."

"Wa ya ce maka yana neman taimako? Ya ce maka ya maƙale?"

"To ai gem ne kawai."

"In gem ne kawai, me ya hana ka bar masa abinsa?"

Sai Walƙiya ya ce zai gyara.

Kuma ya tashi tsaye, a faɗi gaskiya. Ya goge komai ya faro sabo. Ya nemo bayanin duk ayyukan ƙauyen a intanet, ya tsara su yadda ba zai taka wuri ɗaya sau biyu ba. Ya yi rufi, ya kai gawayi, ya tattaro ƙudan zuma, ya kama kowane irin kifi da ke cikin tafkin, har da wani da Baba ya daɗe yana fako bai samu ba. Yana yi yana tsaki, amma ya yi. Abin da Baba ya yi watanni yana lallaɓawa, shi a hutun ƙarshen mako ya share shi. Ya ma duba, bai ga wanda ya taɓa yin hakan da sauri kamarsa ba. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai.

Ya sayo hular kamun kifi ya sa wa mutumin. Sannan ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba.

"Baba, ka yi haƙuri ka zo ka gani. Na dawo maka da garinka."

Baba ya fito. Ya zauna. Ya karɓi fad, yatsun suna ƙin miƙewa, sai da ya buɗe su da ɗaya hannun. Ga ƙauye nan lafiya lau, hayaƙin girki, tafki yana sheƙi. Wani abu ya motsa a fuskar Baba.

Ya tafi wurin tsohuwa. Ta ce ta gode, rufinta ba ya yoyo, ba ta buƙatar komai.

Ya tafi wurin maƙeri. Ya ce ya gode, gawayi ya wadata.

Ya tafi wurin mai zuma. Ta ce ta gode, jarumi, Allah ya kiyaye hanya.

Ya zagaya garin kaf. Kowa ya gode. Ba mai neman kowa. Saura ɗan saƙo a kan gada yana ihu wai a zo da gaggawa.

"Har babban kifin nan na kama maka," in ji Walƙiya. "Duba cikin jaka."

Baba bai duba ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"To yanzu ni me zan yi a nan?"

Baba ya ajiye fad ɗin a cinyarsa.

"Karon farko ka kashe mini su," in ji Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Karo na biyu ka sallame ni daga aiki. Ban san wanne ya fi ba. Amma ka iya sauri, wannan kam ba mai ƙwace maka."

A zuwa asibiti na gaba likita ta juya hannun, ta lanƙwasa, ta miƙar da shi. Ta tambaya me ya faru da abin da yake yi da. Yaya ta kalli Walƙiya. Walƙiya ya sami wani hoton ƙashin baya a bango ya duƙufa karatunsa. Likita ta ce babban yatsa da na kusa da shi akwai sauran fata. Ƙananan biyun nan sun riga sun naɗe, ba ta yi alkawari ba.

A mota Yaya ta ce Baba zai koma gidanta. Baba bai yi musu ba. Ya haɗa kayansa kaɗan: tufafi, magunguna, gilashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya nuna ƙarƙashin talabijin da haɓa.

"Ɗauko mini wancan," ya ce wa Yaya. Ba wa Auta ba.

Walƙiya ya zauna a gidan shi kaɗai da wayoyin na'urar gem ɗin suna reto a bayan talabijin. Bidiyon bai taɓa ɗora shi ba. Mabiyansa ba su tambaya ba, sun riga sun koma kallon wani da ya fi shi sauri.

Sai da aka kwana biyu ya yi ƙarfin halin zuwa gaisuwa. Yaya ta buɗe masa ƙofa. Tun daga baranda ya jiyo muryar Baba.

"Haba maƙeri, jiya ma haka ka ce."

Ya leƙa. Baba yana zaune a gaban talabijin, ya faro daga farko da kansa. Rufin tsohuwa rabi ne. Mutumin cikin gem yana karo da bango fiye da da, domin yatsu uku ne suke aikin biyar, sauran biyun suna naɗe a tafin hannu. A kan teburin gefe akwai faranti da wani cokali mai kaurin mariƙi da igiyar ɗaurawa a hannu, irin wanda asibiti suke bayarwa in sun gama faɗin abin da za su faɗa. Farantin babu komai a ciki. Gaban rigar akwai ɗan tabo.

Walƙiya ya yi sallama.

Baba ya waiwayo, ya amsa da sakin fuska. "A'a, Auta ne? Shigo mana. Ya aiki?"

Yana faɗa yana tura fad ɗin ƙarƙashin cinyarsa, a hankali, yadda ake kawar da wuƙa in yaro mai rarrafe ya shigo ɗaki.

Darasi: Abin da kake gani ɓata lokaci ne a hannun wani, wataƙila shi ne yake tayar da shi daga gado kowace safiya. Kada ka raina ƙaramin aikin mutum don kai ka iya babba, kuma kada ka gama wa mutum abin da bai ce ka gama masa ba, domin wani aikin amfaninsa yana cikin yin sa ne, ba cikin ƙarewarsa ba. Kafin ka miƙa hannu, ka tambaya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san zai karanta layin farko ya tsallako nan.